Sunan da Ya Narke a Gidimuni

Salamatu Ado shekararta arba'in da shida. Mijinta Tanimu, direban babbar mota, ya rasu shekara tara ke nan, ya bar mata gida mai ɗaki uku a unguwar Garin Malam cikin Damagaram, da 'ya'ya huɗu, mace ɗaya maza uku. Baƙon da ya zo yana cigiyar gidan Salamatu Ado zai sha yawo. Wanda ya ce gidan mai shokola yake nema kuwa, kafin ya rufe baki an nuna masa ƙofa.

Abin da take yi alewar shokola ce mai tsinke, irin wadda ake raba wa mata ranar wunin biki, kowace ɗaya da sunan amarya a jikinta. Ta koyi aikin a gidan wata Baturiya da ta yi wa girki shekara uku, lokacin da matar ke aikin wani furoje na haƙa rijiyoyi. Da Baturiyar za ta koma ƙasarsu, ta bar mata mazubai na roba guda biyar. Bazara biyu suka yi suka tsattsage. Salamatu ta ƙunshe su a zani ta kai Kasuwar Dole, rumfar Inusa maƙeri, mai zuba tukwane da ludaya da farin ƙarfen sanholo, wanda tun suna samari abokin Tanimu ne. Inusa ya juya robar ya sake juyawa, ya ce shi dai tun da yake bai taɓa ƙera wa alewa gida ba, amma ta dawo jibi.

Daga nan aikin ya zama na mutum biyu. Idan an kawo biki, sai Salamatu ta kai wa Inusa sunan amarya. Shi ya sassaƙa haruffan a jikin itace, ya danna cikin jiƙaƙƙen rairayi, ya narka sanholo ya zuba, ya yi ta guga har sai mutum ya ga fuskarsa a ciki, domin shokola ba ta rufa asirin ƙarzuwa ko da silin gashi ce. Mazubi ɗaya gurbi shida. Bayan biki ta mayar masa, ya jefa a wuta, sunan wata amaryar ya fito daga ƙarfen. Inusa yakan ce ƙarfe guda ya aurar da 'yan mata sun fi ɗari, kuma ko goro bai taɓa ci ba.

Nata aikin da asuba take yi, kafin ƙasa ta ɗau zafi. Ta ɗora ruwa a babbar tukunya, ta aza ƙarama a kai, ta yayyanka shokolar da ake kawo mata daga Kano a kwali. Ba ta barin ruwan ya tafasa, ba ta kuma barin ɗigo ɗaya ya faɗa ciki, don ɗigo ɗaya ya isa ya mayar da kwano guda tsaki. Ta goge kowane gurbi da auduga, ta zuba, ta bubbuga mazubin a bayan turmi har iska ta fita, ta kwantar da tsinke ta murza shi sau ɗaya. Sai firigo, injin sanyi. Idan ta daskare ta kife mazubin, ta sa kowace a leda, ta ɗaure da zare mai launin ankon bikin.

Doka ɗaya gare ta, kuma shekara goma sha ɗaya ba ta karya ta ba: ba ta ba da saƙo. Da kanta take jera kayan a akwatin ƙanƙara, ta ɗora a adaidaita, ta je gidan biki ta nemi inuwa ta zauna kusa da shi. Ba ta buɗewa sai mata sun zauna, bayan la'asar. Ta sha gaya wa masu biki cewa alkaki da nakiya suna yin wata a ɗaki ba abin da ya same su, amma shokola idan ta rabu da ƙanƙara, bazarar Damagaram ba ta ba ta ko tsawon sallar azahar.

'Yarta mace ita ce ta fari. Sunanta Sakina. Salamatu tana da shekara ashirin da ɗaya ta haife ta. Ranar yaye, Indo, yayar Tanimu, wadda Allah bai ba haihuwa ba, ta zo daga Gidimuni ta goya ta. Ba wanda ya ga abin magana a ciki. 'Yar fari ta dangi ce, uwa ba ta nuna ta damu da ita, ba ta kiran sunanta, ba ta yabonta gaban mutane. Haka aka yi wa Salamatu, haka aka yi wa uwarta. Ta haɗa 'yan rigunan yarinyar a kwalla, ta shiga madafa ta yi ta dakan barkono har motar ta tashi. Waɗanda suka ga idonta suka ce barkono ne.

Indo ta riƙe yarinyar riƙon tsakani da Allah. Ta sa ta lakwal, wato makarantar boko, ta sayar da dabinon garkarta ta saya mata littattafai. Sakina ta tashi tana ce wa Indo Inna, tana ce wa Salamatu Tanti. Ita kuwa Salamatu, idan magana ta kama dole, sai ta ce 'yar Yaya Indo, ko ta Gidimuni. Kowa ya san wa take nufi.

Da Sakina ta sami gurbi a makarantar horar da malamai ta Damagaram, a gidan Garin Malam ta zauna shekara biyu. Wannan ne karo na farko da suka kwana rufi ɗaya fiye da mako. Sakina ba ta da ƙiwa. Takan tashi da asuba ta riƙe wa Tanti leda, ta ɗaura zare, kuma idan akwai wadda ta karye mai gyaɗa a ciki, ita ce ke cinyewa. Wata safiya suna ɗaurin na wata amarya 'yar Zango, Sakina ta ɗaga ɗaya ta duba sunan a hasken taga, ta yi dariya ta ce, "Tanti, ranar nawa fa? Da wane zare za ki ɗaure?"

Akwai maƙwabciya zaune a bakin ƙofa, ta zo ɗibar wuta. Salamatu ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Kina da uwa a Gidimuni. Ita za ki tambaya."

Maƙwabciyar ta yi dariya, ta yaba da amsar, ta ce haka mata masu kunya suke. Sakina ta ajiye alewar a faranti. Ta gama ɗaurin ranar, amma daga nan ba ta sake tashi da asuba ba, kuma Salamatu ba ta tashe ta ba. Shekara huɗu tambayar nan tana zaune a cikin Salamatu. Ta san amsarta tun kafin yarinyar ta rufe baki: zare shuɗi, irin launin tafkin Gidimuni da safe.

Bana bayan ƙaramar Salla aka sa ranar auren Sakina da Rashid, wani malamin lakwal da suka yi karatu tare, wanda aka tura aiki Agadas. A gidan Indo za a yi komai. Katin gayyata ya zo wa Salamatu kamar yadda ya zo wa sauran dangi. Washegari ta sa mayafi ta tafi Kasuwar Dole.

Inusa ya tambaye ta sunan wa za a zuba wannan karon. Ta ce na 'yar gidan Yaya Indo ne. Ya ce Indo tana da tumaki, tana da kaji, har jaka tana da ita, wace ce daga ciki za a aurar? Ta ce ya daina wasa. Ya ce shi maƙeri ne, ba boka ba, ba ya zuba sunan da bai ji ba. Sai ta kwance bakin mayafi ta miƙa masa katin. Ya karanta, ya daɗe yana kallonsa, wasan ya fita daga fuskarsa.

"Allah ya jiƙan Tanimu," in ji shi. "Wannan ba da tsohon ƙarfe zan zuba ba."

Ya sayi sabon sanholo, ya yi kwana huɗu yana guga. Salamatu ta aika garin Hamdara aka kawo mata gyaɗa, ta soya ta ɓarza da kanta. Safiya uku ta yi tana zubi, wuta tana ɗaukewa tana dawowa, tana sayen ƙanƙara tana tare firigo da ita. Guda ɗari uku ta yi. Wadda harafi ɗaya bai fito sosai ba ta mayar tukunya. Duk lokacin da ta kife mazubin, sunan ya faɗo mata sau shida a faranti, ta ɗauka da yatsa biyu ta sa a leda, ta ɗaure da shuɗin zare. 'Ya'yanta maza suna shiga suna fita, ba wanda ta ce wa komai, kuma idan ta ji sallama sai ta rufe farantin da faifai.

Saura magana ɗaya, wadda ta fi zubin wuya. Uwar 'yar fari ba ta zama a tsakar gidan biki tana rabon alewa. Ko ta je Gidimuni, gidan maƙwabta za a kai ta, ta ɓuya har a watse. Ta yi kwanaki tana juya abin. Ta ga idan ta sauka daga mota da akwati a ka, sunan yarinyar a jikin kowane tsinke, garin zai yi shekara yana maganar. Za a ce ta zo ƙwace wa Indo ranarta, bayan Indo ce ta sha wahalar shekara ashirin da uku. Daga ƙarshe ta yanke ta zauna gida, ta ba da saƙo.

Akwai wata dattijuwa, Inno, maƙwabciyar Indo, da aka aiko Damagaram sayen ƙarashen kayan biki. A gidan Salamatu ta kwana, za ta bi motar farko ranar Asabar, ranar ɗaurin aure da wuni. Da asuba Salamatu ta jera kayan, ta shimfiɗa ƙanƙara sama da ƙasa, ta ɗaure akwatin da igiya, ta naɗe shi da jiƙaƙƙen buhu. Gidimuni tafiyar awa ɗaya da 'yan kai ce. Ƙanƙarar za ta kai la'asar.

Inno ta gwada ɗagawa ta ce me aka zuba a ciki, ko duwatsun unguwar Birni ne? Inno mace ce mai baki, wadda idan ta ji abu da safe, kafin azahar har masunta sun ji. Salamatu tana da jawabin da take yi wa kowace mai biki, ta haddace shi kamar Fatiha: a sa a inuwa, kada a buɗe, a raba yau bayan la'asar. Ta dubi Inno, Inno na kallonta da murmushi a gefen baki.

"Ɗan kayan zaƙi ne," in ji Salamatu. "A haɗa da kayan."

A Gidimuni, kayan zaƙin da ya fito daga dangin amarya suna ɗaya gare shi: gara. Alkaki, nakiya, dubulan, tare da shinkafa da mai, ana tara su a ɗaki ɗaya, a kulle, ba a taɓawa sai ranar bakwai da za a kai gidan ango. Indo ta karɓi akwatin da farin ciki, ta ce a sa shi can ƙurya, kada yara su gani. Ɗakin garar mai rufin kwano ne, tagarsa ɗaya, a toshe.

Da hantsi Salamatu ta kasa zama. Ta ɗauki salula ta kira Indo. Suka gaisa, ta yi mata barka da taro, ta tambayi zafi, ta tambayi baƙi. Can ta ce ko kayan sun iso. Indo ta ce sun iso lafiya lau, Allah ya saka da alheri, an adana su tare da gara a ɗakin kwano, ita da kanta ta sa kwaɗo.

Salamatu ta gane nan take. Ta dubi inuwar katanga, ta ga rana ba ta kai tsaka ba. Akwai lokaci. Jimla ɗaya ce: Yaya, a fito da shi, na rabon yau ne. Ta buɗe baki. Indo ba ta iya riƙe waya a kunne, kullum a buɗe take barinta kowa ya ji, kuma tsakar gidan cike yake da mata. Sai wata murya ta taso daga baya, tana dariya.

"Wa nake ji, uwar amarya? Ashe kunya ta ƙare a Damagaram?"

Mata suka kwashe da shewa. Wasa ne, irin wanda ake yi a kowane biki, kuma da wata ce aka yi wa, da Salamatu ma ta yi dariya. Ta ce, "To, Yaya, Allah ya sa alheri." Ta kashe wayar. Ta riƙe ta a hannu har aka kira azahar, ta sake riƙe ta har la'asar. Sau biyu ta nemo lambar. Da magariba ta wanke tukwanenta.

'Ya'yanta maza sun je ɗaurin aure, suka dawo da yamma. Maza ba sa shiga wurin wuni. Ta tambaye su ko an watse lafiya, suka ce lafiya.

Abin da ya faru a Gidimuni daga bakin Inno ta ji shi, kwana tara bayan haka. Ranar wuni ƙawayen amarya da suka zo daga Damagaram, waɗanda suka san ko 'yar wace ce, suka yi ta tambayar ina shokola. Wata ta ce ita dominta ta biya kuɗin mota. Sakina ta ce musu Tanti aiki ya yi mata yawa. Ranar bakwai aka kai gara, aka buɗe kaya ɗaya bayan ɗaya gaban gwaggwannin ango. Da aka kwance akwatin, ruwa ne mai ɗumi ya fara zubowa, da wari. Ledoji ɗari uku suna iyo a ciki, kowace da ɗan abu kamar taɓo a ƙasanta da tsinke a tsaye. Shuɗin zaren ya zuba ya rine ruwan. Ba harafi ko ɗaya. Wata gwaggo ta ɗaga ɗaya ta tambaya ko sabon maganin mata ne na birni, aka yi dariya. Sakina tana ɗaki, amma ta ji.

Inno ba hannu wofi ta zo ba. Ta dawo da akwatin a wanke tas, da dabino kwano biyu na tukuici. Akwai kuma wani ƙunshi. Indo, wadda ba ta zubar da komai, ta zauna ta zare tsinkayen ɗaya bayan ɗaya, ta wanke, ta shanya, ta ɗaure su dami uku, ta ce a kai wa Salamatu ko za su yi mata amfani. Ta ce a ba ta haƙuri, da ta san abin ba ya son zafi da ta sa a randa. Ba wanda ya gaya mata akwai suna a jiki, kuma Salamatu ba ta gaya wa Inno ba ko a ranar.

Mako biyu bayan haka Rashid ya zo ɗaukar matarsa zuwa Agadas. Hanya ta Damagaram take bi, suka tsaya sallama. Salamatu tana cikin aikin wani biki, faranti cike a tsakar ɗaki, sunan wata amarya a jere. Sakina ta durƙusa ta gaida Tanti, ta ce sun ga saƙo, an gode. Salamatu ta yi musu addu'ar zaman lafiya, idonta a kan tabarma, domin ga suruki a bakin ƙofa. Mazubin mai sunan Sakina yana ƙarƙashin gadon da take jingine da shi, naɗe a zani. Hannu kawai za ta miƙa.

Da za su tashi Sakina ta tsaya kan farantin. Ba ta taɓa ba. A hankali ta yi maganar, yadda mijinta ba zai ji ba.

"Na 'ya'yan mutane dai ba ya narkewa, Tanti."

Ta gyara mayafi ta fita.

Salamatu ta kai kayan bikin da ke hannunta, ta zauna a inuwa kusa da akwati kamar kullum, ta raba bayan la'asar. Daga shi ba ta sake karɓar aiki ba. Wata uku masu biki suna zuwa tana cewa firigo ya lalace. Firigon lafiyarsa ƙalau. Damuna ta sauka, aka shiga shuka, bukukuwa suka yi sauƙi, mutane suka daina tambaya. Dabinon Gidimuni ta rabar wa maƙwabta. Damin tsinke uku suna kan taga.

Inusa ne ya gaji da shiru ya zo har gida. Ya zauna a zaure ta kawo masa ruwa. Ya ce ya zo karɓar ƙarfensa, tunda al'ada ce a mayar bayan biki, kuma yana da ludaya da zai zuba. Ta ce wannan ba na mayarwa ba ne. Ya tambaya ko yarinyar ta gan shi. Ta ce yana ƙarƙashin gado. Ya ce kwana huɗu ya yi yana guga, bai guga don ɓeraye su riƙa karatu a ƙarƙashin gado ba. Ya ce alewa ce ke jin tsoron rana, sanholo kuwa ko a tsakiyar hamadar Tenere aka ajiye shi, yadda aka bar shi haka za a tarar. Ya sha ruwansa ya tafi, bai sake ambaton ludaya ba.

Ranar Larabar da ta wuce, da hantsi, Salamatu ta jawo mazubin ta goge shi da auduga, gurbi bayan gurbi. Ta naɗe shi a sabon zani tare da ragowar shuɗin zare, ta ɗaure. Ba ta sa takarda ba. Ta hau adaidaita zuwa tashar motocin Agadas, ta bi layin masu aika saƙo. Da aka zo kanta, magatakardan ya auna ƙunshin, ya ja littafinsa, ya tambayi sunan mai karɓa. Ta kwance bakin zanin ta nuna masa. Ya leƙa ya ce ai wannan rubutun a juye yake, ga mutane na jira, ta faɗa masa da baki.

Ta waiwaya. Ba wanda ta sani a layin.

"Sakina," in ji ta. "Sakina Tanimu."

Ya rubuta, ya yago mata rasit. Ta tsaya a inuwar rumfa har ta ga an ɗora ƙunshin a mota, sannan ta koma gida.